Bindigar .22 don wasan harbi: wacce ta dace, kuma yaya ake haɗa ta a yanayin Sakkwato?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda sunka san harkar nan. So nike in shiga wasan harbin takarda na nisan mita 50, in hannu ya faɗa in ƙara zuwa 100. Ba farauta ba ce, wasa ne kawai. An ce mani a fara da bindiga mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR, amma wani ya ce mai cin harsashin .17 HMR ta fi ta nisa da kyan tafiya. Sannan ban sani ba ko in nemi mai sakata, wadda ake ɗora wa harsashi da jan hannu, ko mai ɗora harsashi da kanta irin Ruger 10/22. Ga kuma batun madubin saiti da yadda ake ɗaura shi. Kuɗina matsakaici ne. Abin da ya fi damuna shi ne zafinmu da ƙurar hunturu, ko suna ɓata saiti. Allah shi saka da alheri.

Malam na Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin batun wacce za ka saya, akwai takarda. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa bindiga kashi uku. Bindigar wasa irin .22 tana kashi na biyu, wanda lasisinsa a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Harsashi ma lasisin ne ke halatta maka riƙe shi, dillali mai rajista ne kaɗai ke sayarwa. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji matsayin da ake ciki kafin ka ba kowa ko sisi. Da halin tsaron da gabashin jihar nan ke ciki, wanda anka tare a shingen bincike da bindiga babu takarda, ba wanda zai saurari zancen wasa daga bakinsa. Wurin harbi kuma sai wanda hukuma ta yarda da shi, mai tudun ƙasa a bayan takarda. Harsashin .22 na iya wuce kilomita ɗaya da rabi in an ɗaga baki, kuma yana tsalle sosai in ya bugi jar ƙasa mai tauri irin tamu.

To, zaɓi. Ka ɗauki .22 LR, ka bar .17 HMR. Ita .17 HMR kamfanin Hornady ya fito da ita a 2002 don ƙananan namun daji. Tana da gudu, amma harsashinta ya fi tsada, ta fi ƙara, kuma gasar mita 50 da .22 LR ake yin ta. Ita .22 LR tun 1887 take, kuma harsashin gasar mita 50 mai kyau dominta ake yin shi.

Mai sakata za ka nema. Dalilin yana cikin mazaunin harsashi. Bindiga mai ɗora kanta dole a yi mata mazauni mai ɗan faɗi don kada ta riƙa cijewa, shi ya sa harsashi ke zama da ɗan wasa kafin ya shiga bututu. Mai sakata ana iya matse nata, har kan dalmar ya taɓa tsagar da ke murɗe a cikin bututun tun kafin a harba. Ban da haka, mai ɗora kanta tana tura hayaƙi da maiƙo cikin injinta, in ƙurar hunturu ta haɗu da su sai ta fara cijewa. Ruger 10/22 bindiga ce mai daɗin harbi, amma kafin ta kamo mai sakata a takarda sai ka canza mata bututu da kunama, kuma nan ba wurin da za ka sami kayan canjin cikin sauƙi ba ne.

A matsakaicin kuɗi, CZ 457 ta ƙasar Cek da Tikka T1x ta Finland su ne na gaba. Savage Mark II ta fi su araha, kuma kunamarta ana iya daidaita ta. Anschütz ta Jamus, musamman masu injin Match 54, ita ce ta 'yan gasa, amma ban ga dalilin mai farawa ya zuba kuɗinsa duka a kanta ya rasa na harsashi ba. Ka nemi mai kaurin bututu, inci 16 zuwa 20 ya isa in da madubi za ka yi harbi. Albarushin .22 yana gama ci kusan a inci 16, tsawon da ya wuce nan ba ya ƙara gudu. Dogayen bututun da kake gani a hannun 'yan gasa don nisanta saitin gaba da na baya aka yi su.

Harsashi shi ne rabin aikin, ko ma fiye. Ka sayi mai matsakaicin gudu, nauyin giren 40, wato kusan giram 2.6, mai fita da mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa. Sauti yana tafiya kusan mita 343 a daƙiƙa. Harsashi mai gudu sosai yana fita sama da gudun sauti, sannan ya faɗo ƙasa da shi tun bai isa takarda ba, kuma a wannan tsallakawar yake ɗan girgiza. Mai matsakaicin gudu bai taɓa tsallakawa, kuma abin mamaki iska ba ta kaɗa shi kamar yadda take kaɗa mai gudun. CCI Standard Velocity da SK Standard Plus da Eley Club sun isa atisaye. Na gasa su ne Eley Tenex, Lapua Center-X da Midas+, da RWS R50. Kowace bindiga da wanda take so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Har lambar rukunin da ke jikin kwali tana da tasiri, in ka sami wadda bindigarka ta karɓa, ka sayi iya abin da lasisinka ya ba ka dama daga wannan lambar. Kada ka sa CCI Stinger a mazauni matsattse, kwansonsa ya fi na sauran tsawo. Kada kuma a sa .22 LR a bindigar .22 Magnum, kwanso fashewa yake yi.

Mai Saiti Arkilla

Malam ya gama magana kan bindiga, bari in ɗauki madubi.

Abu na farko da za ka duba ba girman zuƙowa ba ne, faralas ne, wato yawon da gicciyen cikin madubi ke yi a kan takarda in ido ya motsa. Ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka sa gicciyen madubi a tsakiyar takarda, kada ka taɓa ta, ka ɗan motsa kanka hagu da dama. In gicciyen ya riƙa yawo a kan takarda, to duk lokacin da kuncinka ya sauya wuri harsashi ma zai sauya. Yawancin madubin manyan bindigogi an kafe shi a yadi 100, bai dace da mita 50 ba. Ka nemi mai maɓallin daidaita faralas a gefe ko a baki, wanda ke saukowa har mita 10 ko 25. Zuƙowa ninki 4 zuwa 16 ko 6 zuwa 24 ya isa, da shi za ka ga hujin .22 a mita 50 ba sai ka tashi ba.

Zobban riƙe madubi su dace da layin da ke saman bindiga. CZ 457 layinta milimita 11 ne. Wasu bindigogin Amurka nasu 3/8 na inci ne, wato kusan milimita 9.5. Suna kama da juna a ido, amma in ka sa zoben wannan a layin wancan zai zauna a karkace, ka yi ta juya maɓalli har ya ƙare ba ka kai tsakiya ba. Ka kuma duba kaurin jikin madubin, inci 1 ne ko milimita 30.

Wajen ɗauri, ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka leƙa mazauni da idonka. Goge layin da notuna da tsumma mai ɗan sifirit don mai ya fita. Ɗaura ƙasan zobba, ɗora madubi, rufe sama sakwa-sakwa. Sai ka zauna yadda za ka riƙa harbi, ka rufe ido, ka kwantar da kunci a katako, ka buɗe. Matsa madubin gaba ko baya har hoton ya cika zagaye ba duhu a gefe, yawanci santimita 8 zuwa 9 daga ido, kuma a zuƙowa mafi girma ake wannan gwajin. Don miƙe gicciye, rataya igiya da dutse a nesa, sa lebur ƙarami a saman bindiga, juya madubin har layin tsaye ya bi igiyar. Sannan ka ɗaure notunan sama kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai waccan, gibin hagu da na dama su zo daidai. Ƙarfin ɗaurin, a ma'aunin murɗa notu da ake kira inci-fam, kusan 15 zuwa 18 ne sai in takardar zobban ta faɗi wani abu daban. Mutane da yawa suna murɗawa iya ƙarfinsu, su matse jikin madubi, maɓallin faralas ya daina aiki, su ce madubin jabu ne.

Saiti a mita 25 ake fara shi. Zare sakata gaba ɗaya, leƙa ta cikin bututu ka sa baƙin takarda a tsakiya, sannan ba tare da motsa bindiga ba ka juya maɓallai har gicciye ya hau wurin. Harba 5, gyara, koma mita 50. Kada ka bi huji ɗaya, tsakiyar tarin huji biyar ake gyarawa.

Lissafin ƙyas ɗin maɓalli, MOA da mil ma'aunan kusurwa ne da ake rubutawa a jikinsa: in an rubuta 1/4 MOA, kowane ƙyas milimita 3.6 ne a mita 50. In an rubuta 0.1 mil, milimita 5 ne. Misali tarinka ya faɗa santimita 3 hagu, santimita 2 ƙasa: a na MOA ƙyas 8 dama, 5 ko 6 sama, a na mil 6 dama, 4 sama. A mita 25 kowane ƙyas rabin haka yake motsawa, sai ka ninka. In ka tashi daga 50 zuwa 100, harsashi mai matsakaicin gudu zai faɗi tsakanin santimita 20 da 25, wato kusan MOA 8. Rubuta adadin da bindigarka ta ba ka a littafi.

Auna tari kuwa, harbi 10 ake yi, ba 3 ba. Auna daga wajen huji mafi nisa zuwa wajen ɗayan, ka cire milimita 5.6, wato faɗin harsashin. Bindiga matsakaiciya da harsashin da ya karɓe ta, in tana ba ka milimita 15 zuwa 20 a mita 50, ba ta da laifi.

'Yar Gawon Nama

Malam da Mai Saiti, ku yi mani afuwa, akwai tambayar da ya kamata a yi wa ɗan'uwan nan tun farko: gasa yake nufi ko nishaɗi? In gasa ce irin ta Olamfik, a dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ba a sa madubi mai zuƙowa a bindigar mita 50. Saitin huji ake amfani da shi, ƙaramin rami a baya da zobe a gaba, a yi harbi a durƙushe, a kwance, da tsaye. Zoben maki 10 faɗinsa milimita 10.4 ne kacal. Wanda ya saba da buhun yashi da zuƙowa 24, ranar da aka ce ya miƙe tsaye da saitin huji sabon ɗalibi zai koma.

Shi ya sa ni shawarata bindigar iska ta mita 10, mai ƙwayar milimita 4.5. Ita ma a kashi na biyu na dokar take, tana buƙatar lasisi, kada wani ya ce maka abin wasan yara ce. Amma ƙwayarta ta fi harsashi araha nesa ba kusa ba, ana harba ta cikin ɗaki inda iska da hazo ba su da iko, kuma tana tona asirin hannu: ɗigon maki 10 a takardarta rabin milimita ne. Numfashi, tsayuwa, jan kunama a hankali da riƙe saiti bayan harbi, duk a nan ake koyonsu. Harsashin gasa na .22 kuwa daga Turai yake zuwa, shigo da shi sai da izini, kuma zancen neman irin da bindiga ke so da Malam ya yi, ga mai sayayya a ƙasar nan abu ne mai wuya. In .22 ɗin yake so duk da haka, ya zaɓi wadda za a iya ɗaura mata saitin huji, kuma ya tuntuɓi hukumar wasan harbi ta ƙasa ya ji inda ake atisaye.

Malam na Runjin Sambo

Hajiya ta yi gaskiya kan samun harsashi, ban musa ba. Iri biyu ma in ya samu ya gwada. Amma wanda burinsa mita 50 da 100 ne, bindigar iska ta mita 10 ba za ta koya masa karatun iska ba, kuma a Sakkwato wannan shi ne babban darasi.

Baban Gidan Igwai

Tambayarsa ta ƙarshe ba a amsa ba, ta zafi da ƙura. E, suna ɓata saiti, ta hanyoyi daban-daban.

Harsashin .22 LR maiƙonsa a waje yake, kaki ne anka shafe dalmar da shi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, kwalin da anka bari a mota ko a kan tebur cikin rana kakinsa narkewa yake yi, ya gangara gefe ɗaya. Albarushi mai zafi kuma ya fi gudu, sai ka ga harbin ƙarfe 11 ya hau sama da na ƙarfe 7. Ka aje harsashi cikin kula marar ƙanƙara, a inuwa, ka riƙa fiddo 10-10. Harsashin da ya faɗi ƙasa kada ya shiga bindiga, kuma kada ka zuba su tsirara a aljihu. Yashi na manne wa kakin, ya bi bututu yana karce shi kamar sanfefa.

Kawalwalniya ita ce ta biyu. Da rana ta ɗaga, zafin da ke tasowa daga ƙasa shina sa takarda rawa a cikin madubi, ka harbi inda take a ido alhali ba nan take ba. Rage zuƙowa zuwa 10 ko 12, ko ka yi saitinka da sassafe. Tana da amfani guda: inda take kwarara, can iska ta nufa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya. Iskar gefe mai kilomita 16 a awa tana ture harsashi kusan santimita 3 a mita 50, fiye da 12 a mita 100. Kafa sanda uku da ƙyalle mai sauƙi, ɗaya kusa da kai, ɗaya tsakiya, ɗaya kusa da takarda. Zaɓi yanayi ɗaya na ƙyallen, ka riƙa harbi sai ya dawo haka. Na kusa da kai ya fi muhimmanci, don turewar da ta faru da wuri ita ke girma a hanya.

Katako shina shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Sakamakon haka notunan da ke riƙe inji da katako suna saki, ko katakon ya taɓo bututu. Alamar ita ce huji ya riƙa jeruwa sama da ƙasa. Zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako, ta wuce har kusa da inji ba ta maƙale ba. Duba notunan duk sauyin yanayi, ka ɗaure su da ƙarfin da kamfani ya rubuta, kullum ƙarfi ɗaya. Mai iya zaɓi ya ɗauki jikin roba ko katako mai ninki, sun fi haƙuri da yanayinmu.

Wanki: mai kaɗan. Sakata da anka jiƙe da mai tarkon ƙura ce, shafa ka goge har sai ƙyalli ya rage. Bututun .22 ba ya son yawan wanki, sai ka ga tari ya fara buɗewa. Inda datti ke taruwa shi ne gaban mazaunin harsashi, wani zoben baƙi mai tauri, shi ke sa sakata nauyin rufewa da harbin farko ya kauce. Daga baya ake shigar da sandar wanki, da abin da ke miƙar da ita, kada ta goga bakin bututu. Bayan wanki, ko in ka canza kamfanin harsashi, harba 10 zuwa 20 a gefe kafin ka yarda da abin da takarda ke nunawa, sai sabon kaki ya shimfiɗu.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, bar baki na kallon tudu daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Maganin tayar da wutar a cikin leɓen kwanso yake zagaye, wani lokaci akwai gurbin da bai samu ba. In ƙarar ta fito a raunane, tsaya, zare sakata ka leƙa, wataƙila dalma ta tsaya a bututu, harbi na biyu a kanta kumbura shi zai yi. Abin toshe kunne da tabarau dole ne, kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci saboda dalma.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai, Allah shi ƙara girma. Takarda zan fara bi. In dillali ya kawo ta hannu, wadda anka yi amfani da ita, mi zan duba?

Mai Saiti Arkilla

Lambar jikinta ta dace da ta takardunta, ba kankara ba gyara. Daga nan bakin bututu: sa madubin ƙara girma, zagayen ya zama sumul, ko ƙaramin tabo a nan yana karkatar da harsashi. Zare sakata ka duba leɓen mazauni daidai inda allura ke bugawa. In akwai lotsawa, an yi ta jan kunama babu harsashi, allura na dukan ƙarfe. Irin wannan tana wahalar fitar da kwanso. Kai ma kada ka yi mata haka, sa harsashin roba na atisaye ko tsohon kwanso. Haska fitila cikin bututu, in ka ga zoben inuwa a tsakiya, ya taɓa kumbura, ka bar ta. Kunama kuma, tsofaffin masu ita kan sassauta ta fiye da kima. Bindiga babu komai ciki, ɗana ta, rufe sakata da ɗan ƙarfi, bubbuga gindinta a kan tabarma. In ta saki da kanta, sai maƙerin bindiga mai lasisi ya gyara kafin harsashi ya shiga. Ga mai farawa, nauyin ja na giram 700 zuwa kilo 1 ya yi daidai.